Gungunan Yauri: Sunayen da Ruwa Bai Ci Ba

A cikin watan Janairun da ya gabata, lokacin da hazo ya rufe gaɓar yamma har ba a hango ta, na shiga kwalekwale mai inji daga Yelwa zan yi kudu. Tafiyar zumunci ce, babu littafi babu alƙalami a cikin shirina. Matuƙin jirgin saurayi ne, amma a gaba, daidai hancin jirgin, akwai wani dattijo da ya haura shekara saba'in, ya naɗe rawani ya rufe baki saboda sanyi. Shi ne mai nuna hanya, kuma da hannu yake yi: ya karkata tafin hannunsa dama, yaron ya karkata, ya ɗaga yatsa, yaron ya rage wuta. Bayan mun yi tafiya mai ɗan nisa sai na lura bakinsa yana motsi. Da fari na ɗauka zikiri yake yi. Da na matsa kusa na ji ashe sunaye yake ambata, ɗaya bayan ɗaya, a kan ruwan da ni ban ga komai a cikinsa ba sai igiya da kumfa.

Na ce, "Baba, me ake lissafawa?"

Ya ce, "Malam, garuruwa muke ratsawa. Nan da ka gani kasuwa ce. Can inda ruwan ya yi duhu akwai tsamiya uku, suna nan a tsaye har gobe. In ka bi ta kansu da rani, sai dai wani ba kai ba."

Tun daga ranar maganar nan ta ƙi barin zuciyata, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako.

Bahaushen Kano ko na Zariya idan ya ga ƙasa a tsakiyar ruwa zai ce tsibiri. A ƙasar Yauri kuwa gungu ake cewa. Kalmar tana da wata fuska ta biyu da kowa ya sani, wato taron abubuwa a wuri guda, kamar yadda ake cewa gungun mutane. Ban taɓa ganin inda ma'anonin biyu suka dace da juna kamar a wannan yanki na Kogin Kwara ba, domin a nan tsibiran ba ɗaiɗai suke ba, a tare suke, manya da ƙanana, ruwa yana ratsa tsakaninsu rassa rassa. Daga wannan kalma aka samo sunan mutanen da ke zaune a kansu: Gungawa, mutanen gungu. Su dai ba haka suke kiran kansu ba. Bareshe suke cewa, harshensu kuma Tsureshe. Wanda ya tsaya a kan tudu ya hango su, shi ne ya raɗa musu sunan Gungawa, kuma abin da ya fara gani shi ya faɗa. A da ma har akan haɗa su da maƙwabtansu na cikin ruwa, irin su Lopawa da Larawa da wani sashe na Shangawa, a yi musu kuɗin goro, alhali harsunansu daban daban ne. Harshen Shangawa ma ko kusa ba dangin Tsureshe ba ne, danginsa su ne Busanci da Kyanganci.

Wannan ɗabi'a ta baƙo ya raɗa wa tsibiri suna ba a kanmu aka fara ba. A gaɓar tekun Konakiri ta ƙasar Gini akwai wasu 'yan tsibirai masu kyan gani da ake kira Los. Asalin sunan daga bakin matuƙan Fotugal ne, waɗanda suka kira su tsibiran gumaka saboda abin da suka tarar, sai kalmar ta guntule a bakin mutane har ta zama Los. Shi kansa kogin namu haka ya sha: Joliba ne a ƙasar Mande, Isa Ber a bakin Zabarmawa da danginsu, Kwara a wurinmu, amma sunan da ya hau taswirar duniya shi ne Neja. Jihar Kwara da aka ƙirƙira a 1967 ita ce ta ceto sunan namu daga ɓacewa a takardun hukuma. Bambancin kawai shi ne, tsibiran Los suna nan inda suke, duk mai son sanin tsohon sunansu yana iya zuwa ya taka ƙasar ya tambaya. Da yawa daga cikin gungunan Yauri kuwa babu ƙasar da za a taka.

Kafin in zo kan wannan, ya kamata mai karatu ya san irin wurin da ake magana a kai, domin wanda bai san gungu ba yakan ɗauka fako ne na yashi da masunta ke shanya taru. Kogin Kwara a nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa da damina, mai kauri da laka, yakan kai ƙarshen cikarsa wajen Satumba. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ya faɗi tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana yawo a fadamun ƙasar Mali inda ya sauke lakarsa, sai ya iso mana garau cikin hunturu, lokacin da sauran kogunan Arewa suke ƙafewa. Mutumin gungu da waɗannan cika biyu yake lissafin shekararsa. Farin ruwa ya zuba masa taki kyauta, baƙin ruwa ya kawo masa ruwan ban ruwa har bakin gonarsa a tsakiyar rani. Shi ya sa albasar Yauri ta yi suna tun kafin a san injin ban ruwa. Da ƙwarya ake ɗibar ruwa ana watsa wa fangali, aiki ne na wanda ƙashin bayansa ke da ƙwari. Ga gero da dawa a kan tudun gungun, ga shinkafa a gefensa, ga kifi a ƙofar gida. Mutane da yawa suna ɗauka Gungawa masunta ne zalla. Manoma ne na gaske waɗanda suka iya ruwa. Su a matsayin sana'ar gado an fi sanin Sarkawa da shi.

Gungu kuma ganuwa ce wadda ba a gina ta da laka ba. A zamanin da doki ne makamin da ya fi kowane, ruwa shi ne abin da ke tsayar da doki. Yauri tana cikin ƙasashen da tsohon labarin Bayajida ya kira Banza Bakwai, suna ne da ni ban taɓa jin daɗinsa ba, shi ma wani misali ne na yadda na nesa ke raɗa wa mutum sunan da ya ga dama. A ƙarni na 19, da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarauta, ga kuma mayaƙan Kwantagora suna matsowa daga gabas, sai Birnin Yauri ya gagara zama. Sarauta ta tsallaka ruwa ta fake a gungun Ikum. Daga can ne Sarki Abdullahi Abarshi ya dawo da fada kan tudu, ya zauna a Yelwa a 1888. Wato akwai lokacin da masarautar nan kacokan ɗinta a kan gungu ta rayu, jiragen Gungawa ne dakarunta, su ne kuma hanyar abincinta. Duk wanda ya kalli bikin Rigata da ake yi a Yauri, ya ga samari jere a cikin dogayen jirage suna buga filafili da kiɗa, ragowar wancan ƙarfin yake kallo, ko da yake yanzu ya koma wasa da nishaɗi.

Turawan farko da suka ratso sun ga gungunan a cikin ƙarfinsu. Mungo Park ya wuce ta Yauri a farkon 1806, bai yi nisa ba ya hallaka a duwatsun ruwa na Busa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka hauro daga Busa cikin kwalekwale har Yauri suna neman takardun Park a wurin sarki, suka yi makonni ba su samu ba, sannan suka juya suka bi kogin har teku. A littafin tafiyarsu sun yi bayanin tsibiran da suka ratsa, masu mutane da gonaki. Na karanta wannan sashe fiye da sau ɗaya, kuma abin da ke ba ni haushi kullum shi ne ƙarancin sunaye. Baƙo mai sauri ba ya tsayawa tambayar sunan ƙaramin wuri.

A 1964 aka fara gina madatsar ruwa a kudu da Busa, aka kammala a 1968, aka yi bikin buɗewa a 1969. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita kusan 135, faɗin shimfiɗarsa ya kusa murabba'in kilomita 1,300, kansa na arewa yana taɓa Yelwa. Mutane wajen 44,000 aka tasa daga mazauninsu. Tsohuwar Busa ta nutse tare da duwatsun da suka ci Mungo Park, aka gina Sabuwar Busa. Foge, wanda shi ne babban gungu a yankin, ruwa ya cinye mafi yawansa, sai 'yan tuddai da ke leƙowa idan tafkin ya ja baya. Ba na cikin masu cewa da ba a yi madatsar ba. Ƙasa sabuwar samun 'yanci tana buƙatar lantarki, kuma megawat 760 da aka girka a wurin ba abin rainawa ba ne. Gana ma a daidai wannan zamani ta tashi mutane kusan 80,000 saboda madatsar Akosombo. Abin da nake so a lura da shi ya fi wannan ƙanƙanta. Kainji sunan wani gungu ne, a kansa aka ratsa ginin madatsar. Gungu ɗaya ya ba da sunansa ga tafkin da ya haɗiye 'yan'uwansa. Daga nan sunan ya yi ta yaɗo: ya hau gandun namun daji, ya hau cibiyar bincike, har masana harshe da suka zo rarraba harsunan yankin suka sa wa dangin da ya haɗa Tsureshe da Kambarci da Dakarci suna harsunan Kainji. Yau ɗalibin kimiyyar harshe a Landan ya san Kainji, amma jikan mutumin Foge da ke karatu a Birnin Kebbi da wuya ya kawo sunayen unguwanni uku na garin kakansa.

To ina sunayen suka tafi? Wasu sun hau jirgi tare da mutanensu. Da aka kwashe jama'a zuwa sababbin ƙauyuka a bakin tafki, cikin gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi waɗanda ba su yi kama da ɗakin kowa ba, garuruwa da yawa sun tafi da tsohon sunansu suka ɗora wa sabon wuri. Saboda haka za ka iske ƙauye a kan tudu, ƙura na tashi, awaki na yawo, amma sunansa na cikin ruwa ne. Wasu sunayen kuma sun samu mafaka a wurin da ba a zata ba, wato jerin mazaɓu. Duba na Ƙaramar Hukumar Yauri za ka ga Gungun Sarki, da Zamare, da Jijima, da Tondi. Duba na Ngaski za ka ga Utono da Hoge a haɗe. Hoge ɗin nan shi ne Foge na taswirar Turawa, domin mu mutanen yamma inda wasu ke sa fa mu ha muke sawa. A Shanga akwai Gebbe. Kowace shekara huɗu malaman zaɓe sukan karanto waɗannan sunaye da lasifika, ba tare da sun san tarihi suke karantawa ba.

Sunayen kansu hawa hawa ne, kamar ƙasar da mai haƙar rijiya ke ratsawa. Na sama su ne na Hausa, waɗanda kowa ke gane ma'anarsu da ji ɗaya, irin Gungun Sarki. A ƙarƙashinsu akwai waɗanda kunnen Bahaushe ba ya kama komai a cikinsu, sai mai Tsureshe ko harshen Lopawa ko Kambarci. Akwai kuma 'yan tsiraru da ke sa mutum ya waiwaya arewa. Tondi, alal misali, a harshen Zabarmawa da Dandawa dutse ne, kuma ni a ganina ba abin mamaki ba ne idan matuƙan da suka gangaro daga Dandi ne suka bar wannan kalma a nan. Kafin ruwa ya rufe yankin, masu binciken kayan tarihi sun yi haƙa cikin gaggawa a wasu tuddai, kuma kusa da Yelwa sun tono tukwane da 'yan siffofin yumɓu da suka haura shekara dubu. An kwashi abin da hannu ke iya ɗauka. Sunan dutse da na mashigi da na bishiyar da ake ɗaure jirgi ba ya shiga akwati.

A nan zan ɗan shigo da kaina. Kakata ta wajen uwa 'yar Gungawa ce, a gungu aka haife ta, tana da aure da 'ya'ya biyu lokacin da aka tashe su. Ni a kan tudu na san ta. Da Hausa take yi mana magana, amma idan ranta ya ɓaci ko ta yi mafarki, sai ta koma harshenta. Muna yara mukan yi mata dariya, mu riƙa kwaikwayon ta. Ina tuna wata rana ina aji uku na sakandare, ta kira ni ta ce in kawo takarda za ta faɗa mini sunayen wuraren garinsu in rubuta, inda ake wanka, inda mata ke tsallakawa, inda aka binne uwarta. Na ce mata ina da jarrabawa, sai wani lokaci. Ta ce, "To, ɗan boko, Allah Ya ba da sa'a." Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba. Ta rasu ina shekarar farko a jami'a. Na yi digiri uku tun daga lokacin, na rubuta shafuka ɗaruruwa a kan al'amuran da ba su shafi kowa nawa ba, amma wancan shafi ɗaya ban rubuta shi ba. Labarina ba baƙo ba ne a ƙasar Yauri. Wani masanin halayyar al'umma Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya yi bincike a yankin a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda Gungawa ke rikiɗewa su zama Hausawa, har ya yi nazari a kan kokawarsu a matsayin abin da ke bambanta su da maƙwabta. Abin da ya gani yana farawa, mu ne 'ya'yansa.

Wani zai ce wannan duk kukan zuci ne na malamin jami'a, talaka abinci yake nema. Ina da amsa, kuma daga hancin jirgin nan na samo ta. Lokacin da tafkin ya cika ba a sare dukan itatuwan da ke ƙasa ba. Suna nan a tsaye cikin ruwa, ga duwatsu, ga tsofaffin tuddai. Tsakanin cikar tafki da ja da bayansa akwai bambancin mita da yawa a kowace shekara, saboda haka hanyar da ta yi lafiya a watan Janairu tana iya zama tarko a watan Yuni. Dattijon da na ba da labarinsa ba shi da taswira ko na'ura. Abin da yake da shi sunaye ne, kuma kowane suna yana ɗauke da bayanin abin da ke ƙasa: nan kasuwa ce, fili ne, wuce, can tsamiya ce, kauce. Yaron da ke riƙe da inji bai san ko ɗaya ba, hannun tsoho kawai yake kallo. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara, hedikwatar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Abin da aka ambata a lokacin shi ne lodi fiye da kima da tsufan jirgin, kuma waɗannan matsaloli ne da rigar ceto da dokar lodi za su rage. Amma ka zauna da matuƙa a Yelwa ko Zamare ko Wara ka tambaye su abin da suke tsoro idan ruwa ya ja, za su ce maka kututture. Ilimin inda kututturen yake a kan mutanen da suka ga wurin kafin 1968 yake, kuma mafi ƙanƙantarsu yanzu ya doshi saba'in.

Ba a ce ba a yi rubutu a kan Yauri ba. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya wallafa bayanai a kan ƙasar a 1930, daga baya ya ƙara da na harshen Bareshe. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, a kan Yauri ta ƙarni na 19 ya yi kundin digirinsa na biyu a Zariya kafin littafinsa da ya shahara a kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Masarautar nan ta ba Jami'ar Usmanu Danfodiyo shugabanni biyu, shi da Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi. Ƙasar da ta haifi irin waɗannan ba za a ce ta rasa masu alƙalami ba. Aikin da nake magana a kai ma ba mai tsada ba ne. Ɗalibai goma masu jin Tsureshe da harshen Lopawa da na Shangawa, da wayar da ke nuna daidai inda mutum yake a doron ƙasa, da jirgi, da dattawa biyu ko uku daga kowane gari. A bi ruwa da su a lokacin cika da lokacin ja da baya, duk inda suka ambaci suna a tsaya a ɗauki muryarsu, a rubuta yadda suka furta, a tambayi ma'ana, a tambayi abin da ke ƙasa. A haɗa da hotunan sama da tsofaffin taswirorin da aka yi kafin a rufe madatsa. Abin da zai fito kundin tarihi ne ga masarauta, taswirar hanya ce kuma ga matuƙa. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, wadda aka fi sani da HYPPADEC, an kafa ta ne domin irin waɗannan al'ummu, kuma kuɗin wannan aiki bai kai na gina aji biyu ba.

Akwai kuma abin da nake jin tsoro daga wani ɓangaren. Wurin yana da kyau, wannan ba a musu. Wanda ya ga faɗuwar rana a bayan gungu cikin hunturu, balbelu na komawa makwanci, masu kamun warangi na fita, hayaƙin bandar kifi na tashi daga tunga, ya san wata rana masu kuɗi za su waiwayo da maganar yawon buɗe ido. Ina maraba da su. Sai dai na ga yadda ake yi a wasu wurare: a zo a kafa allo, a raɗa wa wuri sunan Turanci mai daɗin faɗa ko sunan wani mai mulki, shekara goma sai ka ji yaran garin ma da shi suke kira. Gungun da ya riga ya sha baƙon suna sau ɗaya daga mutanen tudu, ya sha ruwa a 1968, bai kamata ya sha na uku daga mai fenti ba.

Da muka iso inda zan sauka, na nemi takarda a aljihu ban samu ba sai rasiɗin man mota. Na roƙi dattijon ya maimaita mini sunayen da ya ambata a hanya. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce a kan tudu ba sa zuwa masa a jere, sai yana kan ruwa yana ganin wurin. Duk da haka ya daure ya kawo guda bakwai, na rubuta a bayan rasiɗin da haruffan Hausa waɗanda na san ba su kama sautin daidai ba. Huɗu daga ciki ya faɗa mini ma'anarsu. Sauran ukun ya ce shi ma haka ya ji su a bakin ubansa. Na tambaye shi ko zai yarda in dawo da rani mu bi hanyar tun daga farko, in zo da na'urar ɗaukar murya.

Ya ce, "In ka zo ka same ni, Malam. Amma ka zo kafin ruwa ya gama ja, in ba haka ba yaron nan ba zai yarda ya bi ta wajen tsamiyoyin ba."